Batirin da Muka Turke wa Azumi

Abin nan ya faru ne a shekarun da azumi yake faɗowa tsakiyar damina. Wayar hannu ta riga ta shigo garinmu, amma sai mutum ya hau tudun bayan gari yake samun magana. Tsuntsayen jan-baki sun cinye mana shinkafa a kakar da ta gabace shi. Babbar ambaliyar nan da ta kwashe rumbunan gabas kuwa ba ta zo ba tukuna, sai daga baya. A bazarar ce autata ta yi haihuwar fari, don haka in kuna son lissafi ku dubi yaron, yanzu har gemu ya fara tsiro masa.

Garinmu a cikin fadama yake, in ka bar Haɗeja ka nufi Guri, ta wajen Kirikasamma. Da rani gari ne kamar kowane gari. Amma da ruwa ya sauka, kogi ya kawo, sai mu zama kamar tuwo a tsakiyar miya. Rabin mazan gari su kwashi iyali su koma tunga, can ƙetaren ruwa, inda suke su da gadin shinkafa. Mutanen tunga ba su da agogo, ranar damina kuma ba a yarda da ita, sai ta shige gajimare tun la'asar ta ƙi fitowa. In azumi ne, da kiran sallar garinmu suke shan ruwa. In ba su ji ba, haka za su zauna da kunu a gaba har taurari su fito.

Mai kiran nan kuwa maigidana ne. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba yana raye, balle yanzu. Malam nake ce masa. Ladanci gadonsa ne, ubansa ya yi, kakansa ya yi. Lokacin da aka kawo ni gidan, ni 'yar Fulanin gida ce da ta tashi a cikin shanu, in Malam ya ɗaga murya da asuba har dinya, agwagwar fadama, tashi take daga ruwa. Ba yabon miji nake ba, ku tambayi duk wanda ya san shi. To amma tsufa ba ya neman izini. Haƙora suka zube, tari ya kama shi, murya ta koma iyakarta bakin rijiya. Sai jama'a suka haɗu suka sayi lasifika da batirin mota. Masallaci bango ɗaya ne da gidanmu, rufinsa kuma yana yoyo, shi ya sa batirin ya tare a ɗakina, aka ja waya ta taga.

Cajinsa a Haɗeja ake yi. Da rani babu wahala, a ɗaura shi a babur ranar kasuwa a dawo da shi washegari. Da damina fa? Hanya ta nutse. A azumin da ya gabata batirin ya mutu a tsakiyar wata, mutanen tunga suka sha wuya, suka kawo ƙorafi. Bayan salla liman ya zo zaure ya sami Malam, ni kuwa ina bayan bango ina tsince shinkafa, kunnena kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Ya ce, "Malam, ba don an raina ka ba. Amma haƙƙin masu azumi yana wuyanmu. In baɗi ma murya ba ta ƙetare ruwa ba, ga ɗan ƙanina nan, Allah ya ba shi maƙogwaro, ba ya bukatar na'ura. Sai ka huta."

Malam ya ce, "Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri." Amma ranar tuwon da na kai masa haka na ɗauko shi.

Da ɗanmu na fari, wanda yake tuƙin mota a Kano, ya ji labari, sai ya zo da farantin sola, ƙato, ya kai tabarmar salla. Ya nuna mini: jar waya a kan ja, baƙa a kan baƙa, fuskar faranti ta kalli rana. Ya ce daga yau an daina zuwa Haɗeja. Washegari ya koma bakin aikinsa.

A nan Yaya ta shigo maganar. Yaya ita ce yayar Malam, mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da zama. Duk fadamar nan babu wanda ya kai ta iya turkar rago. Sai ta sayi wanda haƙarƙarinsa yake a waje, ta ɗaure shi a turke, ta bi shi da dusa da harawa da ƙanzo, kafin layya ya zama sai maza biyu sun kama. Ni kuma har na tsufa Amarya take ce mini.

Ta tsaya a kan batirin nan ta riƙe ƙugu ta ce, "Amarya, zo ki ji. Ragon da ake so ya yi abin kirki ranar layya, barinsa ake yana yawo?"

Na ce, "A'a, Yaya, turke shi ake."

"To shi wannan yaushe ce layyarsa?"

"Azumi."

Ta ce, "To."

Shi ke nan fa magana ta ƙare. Muka cire shi daga aiki tun bazara, muka ce ya zauna ya ci ya tara ƙarfi. Kowa yana gida lokacin, muryar Malam ta isa unguwa. Shi dai Malam ya ɗan yi magana, ya ce, "Yaya, wannan fa ba dabba ba ce." Ta ce, "Yi mini shiru, ni na goya ka." Ya ɗauki butarsa ya fita. Mutum da furfura, amma a gaban Yaya kamar an aike shi ya ɓarar da mai.

Wallahi ba a taɓa kula da batir ba kamar yadda muka kula da wannan. Rana tana leƙowa na fito da faranti na jingina shi da turmi. Hantsi ya yi in juya shi, azahar in kwantar da shi, la'asar in kai shi jikin katangar yamma, kada ko ɗigon rana ya wuce shi. Ina goge masa fuska da gefen mayafina. Kaza in ta kuskura ta hau, ranar sai ta raina kanta. Samari suna zuwa da wayoyinsu suna roƙo a sa musu caji ko kaɗan, Yaya ta kore su da muciya tana cewa, "Kun taɓa ganin an ɗora wa ragon layya kaya?" Ranar bazarar fadama kuma kun san ta, ba ta wasa.

Ba a daɗe ba muka fara ganin abin da muka ɗauka albarka ce. In na dafa jikinsa da azahar sai in ji ɗumi. Yaya ta ce lafiya ke nan, jini yana gudu. Sai kuma muka fara jin wani sauti a cikinsa, ɓul-ɓul-ɓul, a hankali. Yaya ta kara kunne ta yi murmushi ta ce, "Tuƙa yake." Can kuma gefensa ya fara tasowa. Kai, ranar da muka lura da wannan har guɗa na yi. Matan unguwa suka riƙa shigowa kallo, Yaya tana latsa gefensa kamar yadda ake latsa gadon bayan rago, tana cewa, "Ku taɓa ku ji, ƙiba ce zalla."

Wari ne kawai ya dame ni. Ɗakina ya riƙa wari irin na ɓaragurbi. Na fitar da gado, na ɗaga tukwane, na zagi kajin gidan nan tas, ban ga ƙwai ba. Hancina dai ya riƙa kai ni wajen batir. Ga kuma wani farin gari da ya taru a kawunansa kamar kanwa. Na ce, "Yaya, warin nan fa daga jikinsa yake." Ta ce, "Ke 'yar masu shanu ce kike wannan magana? Turke ya taɓa rasa wari?" Na ga kuma da gaskiyarta.

Haka muka yi ta yi har ruwa ya sauka, kogi ya kawo, mutanen tunga suka ƙetare. Watan Sha'aban ya tsufa, sai Malam ya ce a gwada na'ura da azahar. Muka mayar da wayar lasifika, muka tsaya a tsakar gida ni da Yaya muna jiran mu ji gari ya girgiza. Kabbarar farko ta fito da ƙarfi. Ta biyu ta fito kamar akuya mai mura. Daga nan ɗif. Sai muryar Malam ita kaɗai, siririya, tana ƙarasa kira a bayan bango.

Bayan salla ya shigo ya zauna a buzunsa. Ya jawo carbinsa ya kama ja. Da ma faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Malam, gobe zan kai batirin Haɗeja." Shi gwiwoyinsa ba sa son zaman jirgi, kuma in ya bar masallaci ko na yini ɗaya, ai an ba ɗan ƙanin liman wuri ke nan. Yaya ta ce, "Ƙafata ƙafarki. Ni ma ina so in ji wanda ya yi masa baki."

Muka sa shi a baho muka tokare da tsummoki. Maƙwabcinmu mai kwale-kwale ya bi da mu ta cikin kacalla, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo, har bakin titi, muka hau mota. A hanya ɗan ruwan da ya rage a cikinsa ya fantsamo mini a zane. Kafin mu isa, atamfata ta fita unguwa ta yi huji-huji kamar rariya. Ita kaɗai ce har yau ban yafe wa batirin nan ba.

Mai cajin yana ƙarƙashin wata bishiyar maina kusa da tasha, batura jere a gabansa kamar 'yan makaranta. Babarbare ne, da zanensa a fuska. Kun san wasan da yake tsakaninmu Fulani da Barebari. Yana hango ni ya ce, "Alhamdu lillahi, yau na tashi da sa'a, ga baiwata ta kawo gaisuwa. Ina nonona?"

Na ce, "Bawa ba ya tambayar uwargijiyarsa nono. Tashi ka sauke mini kaya."

Ya sauke. Ya dubi cikin da ya taso, ya buɗe murafan da suke samansa ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa, ya kau da hanci. Ya ce, "Inna lillahi. Wa ya dafa wannan?"

Yaya ta gyara mayafi ta ce, "Dafawa? Yaro, iya bakinka. Kiwo ne wannan." Ta zayyana masa komai, tun daga hana shi aiki har bin rana da faranti, har tuƙa, har ƙiba. Mutumin nan ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya kira mai faci na kusa da shi ya ce, "Zo ka ga Fulani sun turke batir!"

Yaya ta ce, "Ni ba Bafulatana ba ce."

Ya ce, "Baba, zama da su ne, ana ɗauka."

Da ya gama sai ya ce in leƙa ramin. Na ga wasu abubuwa jere kamar saƙar zuma, kawunansu a bushe. Ya ce ruwa ya kamata ya rufe su, kamar yadda yake rufe shinkafa a tukunya. Ya ce batir yana da iyakar cikinsa. In ya ƙoshi aka ci gaba da ɗura masa, ba ajiyewa yake ba, tafasa yake, ruwan ya bi iska ya gudu, abin cikin ya ƙone. Ɗumin da muka ji zazzaɓi ne, tuƙar tafasa ce, ƙibar kuwa kumburi.

Sai ya tambaye ni inda muke ajiye shi. Na ce a ɗakina, kusa da gado. Ya ce da fitila? Na ce aci-balbal, kullum. Nan dariya ta ɗauke masa. Ya ce iskar da take fita daga batir mai tafasa wuta take kamawa, har ya fashe ya watsa wa mutum ruwansa a ido. Ya ce, "Allah ne ya tsare mini dukiyata. Daga yau zaure, inda iska take wucewa, nesa da wuta."

Yaya ta ce to a zuba masa ruwa mana, ga rijiya can. Ya ce ina, ruwan rijiyarmu kanwa gare shi, na kogi kuma laka, duk guba ne a wajensa. Kuma kada wani ya ruɗe mu mu ƙara masa asid, ba shi ne ya gudu ba. Ya ɗauko nasa ruwan na kwalba ya zuba har ya rufe saƙar. Ya ce in mun koma gida mu tari na sama, ba na indararo ba, ba kuma na farkon saukowa ba. Mu bari sama ta wanke kanta, sannan mu ɗora robar da ba ta taɓa ganin miya ba a kan turmi a tsakar gida.

Na ce, "Zai tashi?"

Ya ce, "Ban sani ba. Zan ba shi wuta kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake ba wanda ya tashi daga ciwo kunu. Ku je ku dawo."

Muka sauka a gidan 'yar Yaya da take aure a cikin gari. Muna can aka ga wata. Ku ji fa: azumi ya kama, batir yana Haɗeja, Malam yana gida da muryarsa ta bakin rijiya. Da sassafe na je na tsaya a kan Babarbaren nan na ce ya ba ni kayana. Ya ce sai azahar. Na ce ruwa ne a gabanmu. Ya ce, "Ke da aka haifa a garke, saniyar da ta kwanta da bulala ake tashinta?" Na zauna a bencinsa ina zaginsa da danginsa har bakin Tafkin Cadi, yana ramawa, mai faci yana raba mu.

Da azahar ya cire shi, ya bar shi ya huce, ya jona masa ƙwan fitilar mota. Ƙwai ya kama, fari tas. Muka zuba ido. Bai dushe ba.

Ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, kun rage masa kwana. In kun lallaɓa shi zai fitar da azumi, amma ba zai ga layya ba. Kuma ki riƙe wannan: batir ba rago ba ne, jaki ne. Ya yi aiki ya ci, ya ci ya yi aiki. In kin bar shi da yunwa ya daɗe, mutuwa zai yi. In kin cusa masa ba aiki, kin ga yadda ake. Ki ba shi ranar safe. Ki riƙa dafa shi, ki kara kunne. Da kin ji ɗumi ko ya fara gunaguni, cire waya."

Ko da muka kai bakin ruwa la'asar ta yi, gabas ta yi baƙi ƙirin. Mai kwale-kwale yana jiranmu, ya ce a bari hadari ya wuce. Na ce in ya ga dama ya ba ni sandar in tuƙa da kaina. Muna tsakiyar kacalla ruwa ya tsuge. Na kife baho a kan batir na zauna a kai. Ina juyowa sai na ga Yaya, tsohuwa da azumi a baki, jiƙe sharkaf, ta ɗaga sabuwar robar da ta saya a tasha sama da hannu biyu tana tarar ruwa. Ta ce, "Me kike kallo? Ba cewa ya yi na tsakiya ba? Ga shi a tsakiyar sama, a tsakiyar kogi."

Muka iso ruwa ya tsagaita, rana ba a san inda take ba, sai ɗan ja a gindin gajimare. A ƙofar masallaci na hango ɗan ƙanin liman a tsaye yana gyaran murya. Yaron kirki ne, ba shi da laifi, amma ranar ban so ganinsa ba. Malam yana zaune a dakali da carbi, kansa a ƙasa.

Na dire batir a zaure. Na jawo wayar lasifika, ja a kan ja, baƙa a kan baƙa. Ni ba zan iya ɗaga murya in kira Malam a gaban maza ba, amma Yaya ba ruwanta. Ta leƙa ta ce, "Kai! Tashi ka yi aikin ubanka."

Muka ji ya ƙwanƙwasa abin maganar, ɗas, ɗas. Sai kabbara. Ta farko ta fita. Ta biyu ta fita, ta fi ta farko. Balbelun da suke kan tsamiya suka watse. Ya bi kiran nan tiryan-tiryan, yana jan sa kamar yadda yake yi ina amarya, har ya kai ƙarshe. Batir bai ce uffan ba.

Muka kasa kunne. Can daga ƙetaren ruwa sai muka ji kiɗi, dum-dum-dum. Masunta ne suke dukan gorunan da suke hawa su yi su. A bayan kiɗin kuma wata mata ta rangaɗa guɗa, ruwa ya kawo mana ita har zaure. Ni ma na mayar mata. A rayuwata ban taɓa yin guɗa da magariba ba sai ranar, kuma babu wanda ya tsawata mini.

Murna ta sa mun manta ba mu sha ruwa ba. Yaya ta kai robar nan baki, na fizge na ce, "Wannan na mara lafiya ne, ga randa can." Ta ce, "Ji 'yar nema, ni na tara fa!"

Bayan salla liman ya tsaya a ƙofar zaure ya ce, "Malam, ashe muryar tana nan." Malam ya ce, "Tana nan, an kai ta asibiti ne." Da safe muka tarar mutanen tunga sun ajiye mana tarwaɗa a ƙwarya a bakin ƙofa, manya, har suna motsi.

Watan nan duka ni na riƙe shi. Ranar safe kawai, hannu a jikinsa, kunne a kusa, ruwan sama in ya nema. Samari ma muka bar su suna sa wayoyinsu jefi-jefi, tunda an ce jaki ne. Ya fitar da azumi, ya ga sallar idi, ya ƙara 'yan makonni. Kafin layya ya cika, kamar yadda bawan nan nawa ya faɗa. Aka kawo wani, wannan kuwa ya shekara da shekaru a hannuna. Daga baya ɗanmu ya zo da wani ɗan akwati mai yanke wuta da kansa in batir ya ƙoshi. Yana aiki, ban ce ba ya yi ba, amma ban daina dafawa ba. Malam kuma bai sauka daga ladanci ba sai da aka ɗauke shi zuwa makwancinsa, sannan ɗan ƙanin liman ya karɓa, da hannun Malam a kansa tun yana jinya.

Yanzu Malam ya tafi, Allah ya jiƙansa. Yaya ta riga shi, kuma har ta koma ga Allah tana cewa da an ƙara wa batirin nan wata ɗaya da ya fi haka girma. Liman ya tafi, mai faci ya tafi. Mai kwale-kwale yana nan, sai dai ƙafa ta ƙi, jikokinsa ke tuƙi. Matar da ta yi guɗa daga tunga tana nan, ashe ƙawata ce ta ɗibar ruwa, sai daga baya ta faɗa mini. Babarbaren ma yana nan a gindin mainarsa, ido ɗaya ya tafi, 'ya'yansa ke aikin shi yana zaune yana ba da umarni. Duk wanda ya je Haɗeja daga garinmu sai ya aiko shi ya tambayo ko baiwarsa tana da abin da ta turke bana. Sai kuma ni, ina nan.